Na duba kwalbar kafson zogale da ake sayar wa yaranmu 'yan ƙwallo

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 17 ƙwallon ƙafa a wani fili da ke bayan makarantar sakandaren unguwarmu, kuma a tsawon wannan lokaci na ga kayan ƙarin ƙarfi iri-iri sun shigo sun wuce, tun daga garin gulukos da yara ke lasa a tafin hannu lokacin hutun rabin lokaci, har zuwa lemon gwangwani mai sa zuciya dukan uku-uku. Wanda ya fi samun gindin zama a bana shi ne kafson garin zogale, wanda ake zubawa a farar kwalbar roba, a liƙa mata hoton wani ɗan tsere, a rubuta cewa yana wanke gubar da motsa jiki ke tarawa a tsoka, yana kawar da tsamin jiki, yana kuma ƙara juriya. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin na ga irinsa da dama a kemis-kemis na garin nan, kuma abin da zan faɗa ya shafe su kusan gaba ɗaya.

Ta hannun mahaifin wani ɗan wasan tsakiyarmu kwalbar ta fara zuwa gare ni. Bayan la'asar ne, muna shirin fara atisaye, sai ga shi a kan babur, ya kira ni gefe ya zaro ta daga aljihun gaban riga. Ya ce: "Koci, yaron naka kullum ya dawo gida sai ya zube a tabarma, ya ce jikinsa ya yi tsami. Mai kemis ya ce mini wannan ita ce maganin abin, kuma tun da zogale ne ai ba ya cutarwa. Ka duba mini, in ta yi sai in riƙa saya masa duk wata." Na ce masa: "Alhaji, Allah ya saka da alheri da wannan kulawa. Ka ba ni 'yan makonni in bincika, in ya so sai mu zauna." Kafin makonnin su cika, sai na tarar wasu yaran huɗu ma sun fara sha, domin a fili babu abin da ke yaɗuwa da sauri kamar labarin abin ƙarin ƙarfi. Wannan ne ya sa na je na sayi tawa kwalbar da kuɗina, na zauna da ita yadda ya kamata.

Daga waje dai ba ta da laifi. Murfin a liƙe yake da leda, ƙarƙashinsa akwai takardar azurfa da ba a huda ba, an buga ranar haɗawa da ranar lalacewa da lambar rukunin da aka haɗa ta a ciki, kuma duk ana iya karanta su. Kafso 60 ne, kowanne miligiram 500, an ce a sha biyu a rana, wato kwalba ɗaya ta wata guda ce. Kuɗinta a ranar da na saya ya yi kusan daidai da na kiret ɗin ƙwai. Akwai lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, kuma mai kemis ya ɗora yatsa a kanta yana cewa: "Malam, ga lamba nan, gwamnati ta tabbatar da aikinsa." A nan ne kuskure na farko yake. Lambar ta ƙare da harafin L, alamar da hukumar ke bai wa magungunan gargajiya da ta yi wa rajistar wucin gadi bayan ta duba ko suna da haɗari ga lafiya, kuma wannan rajista ba shaida ba ce cewa maganin yana yin aikin da aka ce yana yi. Hukumar, wadda aka kafa a 1993, ta wajabta wa masu irin wannan kaya su rubuta a jikin kwalba cewa ita ba ta tantance iƙirarin da suka yi ba. Na nemi wannan jimla na same ta a can ƙasa, da rubutu ƙanana ƙwarai, har sai da na ɗauki hotonta da waya na buɗa shi kafin na iya karantawa, alhali kalmar juriya an rubuta ta da manyan baƙaƙe masu launin ja.

Da na koma gida na ɓare kafso uku na zazzage su a kan farar takarda, na kuma roƙi uwargida ta ɗebo mini cokali ɗaya na garin zogalen da take shanyawa a inuwar rumfa, na zuba a gefe. Nata kore ne shar, ƙamshinsa na ɗanyen ganye yana dukan hanci. Na kwalbar kuwa ya koma launin ƙasa-ƙasa, ƙamshinsa ya yi rauni kamar na tsohuwar harawa, kuma da na ɗanɗana na ji ɗan tsakin yashi tsakanin haƙora. Zogale ne, ban yi shakkar wannan ba, amma duk macen da ta saba da ganyen nan ta san cewa wanda aka shanya a rana tsaka, ko wanda ya daɗe a ajiye, shi ke rikiɗewa haka, kuma zafi da haske da daɗewa su ne ke cinye bitamin C da ke cikin ganye.

Sai dai ingancin garin ƙaramin al'amari ne idan aka kwatanta shi da hujjar da aka gina cinikin a kanta, kuma a nan nake so in daɗe. Duk wanda ya taɓa ɓare farin goro ya ajiye ya san cewa ba ya jimawa zai fara yin ja, haka ma man gyaɗa idan ya daɗe a buɗe sai ya canza ɗanɗano, ƙarfe kuma ya yi tsatsa. Iskar oksijin ce ke yin wannan aiki. Jikin mutum ma da oksijin yake sarrafa abinci ya fitar da ƙarfi, kuma a cikin wannan aiki akan samu waɗansu ɓurɓushin oksijin marasa natsuwa, masu saurin kama duk abin da suka tarar, ko kitsen da ya lulluɓe ƙwayar halitta ne, ko furotin, ko ma kayan gadon da ke cikinta. Idan ɓurɓushin suka rinjayi kariyar da jiki ya tanada, sai a samu yanayin da wani masani Bajamushe, Helmut Sies, ya raɗa wa suna a 1985, wanda ni a fili nake kira tsatsar jiki domin yara su gane. Abubuwan da ke kashe kaifin ɓurɓushin su ake kira antioksidan, kuma ganyen zogale yana da su, akwai kwasetin da kamferol da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Gaskiya ne kuma motsa jiki mai tsanani yana ƙara yawan ɓurɓushin. A 1982 Kelvin Davies da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka sun sa ɓeraye gudu har suka gaza, suka auna, suka tarar ɓurɓushin sun ninka sau biyu zuwa uku a tsoka da hanta. Har zuwa nan, abin da aka rubuta a kwalbar yana da tushe.

Abin da kwalbar ta ɓoye shi ne abin da aka gano daga baya, wato cewa wannan ɗan tashin ɓurɓushi da atisaye ke haddasawa saƙo ne da tsoka ke buƙata. Shi ne ke sanar da ita cewa aikin da aka ɗora mata ya fi ƙarfinta na yanzu, sai ta mayar da martani ta hanyar ƙara yawan ƙananan murhunan da ke cikinta masu samar da ƙarfi, waɗanda masana ke kira maitokondiriya, ta kuma ƙara sarrafa nata sinadaran kariya irin su katalas da gulutatayon. Kamar kantar da ke fitowa a tafin hannun manomi ne, wadda gogar ƙotar fartanya ce ke kawo ta, kuma ita ce daga baya ke kare hannun daga ƙotar. Saboda haka yaron da ya yi wata shida yana atisaye a kai a kai, jikinsa ya riga ya gina kariyar da ta fi ta wanda ke zaune, kuma ta hanyar wannan tsatsa da ake son a wanke masa ya gina ta.

An gwada wannan a jikin mutane. A 2009 Michael Ristow da abokan aikinsa a Jami'ar Yena ta Jamus sun ɗauki samari kusan 40 suka sa su atisaye na mako huɗu, suka riƙa bai wa wani sashe miligiram 1000 na bitamin C da awo 400 na bitamin E kullum. Waɗanda ba su sha ba, jikinsu ya ƙara iya amsa kiran insulin wajen kwashe sukari daga jini, sinadaran kariyarsu na ciki ma suka ƙaru. Waɗanda suka sha kuwa wannan riba ta wuce su. A 2014 wata tawaga a ƙasar Norwe ƙarƙashin Gøran Paulsen ta bi matasa maza da mata 54 har mako 11 suna atisayen juriya, rabi na shan bitamin C da E masu yawa, rabi na shan ƙwayar da ba ta ɗauke da komai. Gudun ɓangarorin biyu ya inganta kusan daidai, wato bitamin ɗin bai ƙara wa kowa komai ba, amma da aka ɗebi ɗan ƙaramin yanki na tsoka aka duba, sai aka ga alamomin ƙaruwar maitokondiriya sun ragu a jikin masu shan bitamin.

Adalci ya sa in faɗi cewa waɗannan gwaje-gwaje da tsantsar bitamin mai yawa aka yi su, ba da garin zogale ba, kuma ba na zargin giram ɗaya na ganye da toshe amfanin atisaye. Amma wannan kariya da na yi wa kwalbar ita ce kuma ta kayar da ita. Idan abin da ke cikinta ya yi ƙanƙantar da ba zai iya taɓa saƙon da tsoka ke aikawa ba, to da wane ƙarfi zai wanke gubar da aka yi alkawarin zai wanke? Idan kuwa yana da ƙarfin wanke ta, to abin da zai wanke shi ne abin da na tara yaran nan a rana domin su samu. Ta kowace fuska aka duba, alkawarin bai tsaya da ƙafarsa ba.

Lissafin ma mai sauƙi ne. Kafso biyu giram ɗaya ne, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Busasshen ganyen zogale kusan kashi ɗaya cikin huɗunsa furotin ne, don haka yaro zai samu rubu'in giram na furotin a rana, alhali ƙwai ɗaya yana ba da kusan giram 6. Sinadarin ayon mai gina jini da ke cikin giram ɗin bai kai miligiram ɗaya ba, yaro namiji mai shekara 14 zuwa 18 kuwa an ƙiyasta yana buƙatar miligiram 11 a rana. Bitamin C da yake buƙata miligiram 75 ne, kuma giram 100 na goba yana ɗauke da fiye da miligiram 200, wato goba ɗaya mai kyau daga tiren mai talla ta biya masa buƙatar yini har da saura. A ɗaya ɓangaren kuma, a tuna da kwanon kwaɗon zogale da ake sayarwa a ƙofar makarantu da tashoshin mota: dafaffen ganye cike da kwano, an kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli, an yanka tumatir da albasa da attaruhu, an ɗiga man gyaɗa. Ganyen da ke cikin kwano ɗaya ya ninka na kafso biyu sau da yawa, ƙuli-ƙulin ya kawo furotin, man ya taimaka wa jiki ya tsotsi bitamin A, ɗanyen tumatir kuma ya taimaka wajen tsotsar ayon. Iyayenmu mata sun haɗa wannan tun kafin a san sunan ko ɗaya daga cikin sinadaran. Itacen asalinsa daga arewacin Indiya yake, amma ya zama ɗan gida a ƙasar Hausa har ana shinge da shi, a yankin Maraɗi kuma noma shi ake yi gona-gona domin kasuwa. Abin yana yi mini ciwo in ga uba ya tsallake bishiyar da ke tsakar gidansa, ya je ya biya kuɗin kiret ɗin ƙwai a kan abin da bai kai ƙurar ganyenta ba.

A bayan kwalbar an buga wata lamba mai tsawo, an ce ita ce ma'aunin ƙarfin antioksidan na garin, an kuma jera ta da ta wasu 'ya'yan itatuwa domin a nuna ya fi su. Irin wannan awo a cikin kwalaben ɗakin gwaji ake yin sa, ba a jikin mutum ba. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta taɓa wallafa babban jadawalin waɗannan lambobi, amma a 2012 ta janye shi da kanta, bisa dalilin cewa babu hujjar da ta nuna lambar tana da alaƙa da abin da ke faruwa a jikin mutum, kuma 'yan kasuwa sun mayar da ita kayan talla. Yawancin sinadaran ganye kaɗan ne daga cikinsu ke tsallake hanji su shiga jini, wanda ya shiga kuma hanta ta sauya masa kama cikin ɗan lokaci.

Saura maganar tsamin jiki, wadda ita ce ainihin damuwar Alhaji. A 2017 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen lafiya ta tace su, ta haɗa gwaji 50 da aka yi a kan mutum 1089 domin a ga ko shan antioksidan yana rage tsamin da ke biyo bayan motsa jiki. An samu ɗan ragi, amma ya yi ƙanƙantar da mai jikin ba zai ji bambancinsa ba. Abin da na gani a filinmu bai saɓa wa wannan ba. Ina da wani littafi mai bangon kwali da nake rubuta sakamakon gudun minti 12 a ciki duk ƙarshen wata, gwajin da likitan sojan saman Amurka Kenneth Cooper ya fito da shi a 1968, inda ake auna nisan da mutum zai iya ci cikin wannan lokaci. Bayan wata biyu na buɗe littafin na bi sunaye ɗaya bayan ɗaya. Masu shan kafson sun ƙara nisa, waɗanda ba su sha ba ma sun ƙara, kuma wanda ya fi kowa ci gaba wani ɗan baya ne da ko kuɗin takalmi sai mun haɗa masa. Littafin koci ba ɗakin bincike ba ne, yara biyar kuma ba su isa a yanke hukunci da su ba, amma da maganin yana yin ko rabin abin da aka rubuta a jikinsa, da na ga inuwarsa a shafukan nan. Biyu daga cikin yaran sun ce mini suna jin ƙarfi idan sun sha, kuma ban ƙaryata su ba, domin yaron da ya yarda an ba shi abin ƙarfi yakan shiga fili da ƙwarin guiwa. Ɗaya kuma ya yi ƙorafin cikinsa yana murɗawa idan ya sha da safe bai ci komai ba.

Wannan kalma ta "bai ci komai ba" ita ta kai ni ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Wata ranar Asabar cikin watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, ɗan Alhaji ya tsaya a tsakiyar zagaye na uku ya dafa guiwoyinsa. Na je na zaunar da shi a inuwar darbejiya, na ba shi ruwa, na ja fatar ƙasan idonsa, sai na ga ta yi fari fat, tafin hannunsa ma haka. Na tambaye shi: "Me ka ci yau?" Ya sunkuyar da kai ya ce: "Koci, na sha koko da safe, sai maganin." Na ce: "Zazzaɓi fa?" Ya ce yana zuwa masa da dare yana tafiya, amma bai faɗa a gida ba don kada a hana shi zuwa tirenin. Washegari mahaifinsa ya kai shi asibiti, gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini. Wata biyu yaron nan yana haɗiyar kafso a kan gajiyar da sauro ne sanadinta. Kafson bai sa masa ciwon ba, amma ya ba kowa, har da ni, dalilin jinkirta tambayar da ta kamata a yi tun ranar farko. A wurinmu idan yaro mai tasowa yana yawan gajiya, abin da ya kamata a fara nema shi ne zazzaɓi, da ƙarancin jini, da tsutsar ciki, da tsargiya ga masu wanka a kududdufi, da yunwa, da rashin barci saboda kallon ƙwallon Turai har tsakar dare. Tsatsar jiki tana can ƙarshen layi.

Akwai kuma wata kwalbar da mai kemis ya miƙo mini a ranar da na je, baƙa mai rubutun zinariya, ya ce ita ce ta manyan 'yan wasa. Wannan ban saya ba, kuma ita nake roƙon iyaye su yi nesa da ita. An rubuta cewa ta haɗa zogale da tsantsar koren shayi da wata saiwa mai suna ginseng da wani haɗi na musamman, ba a faɗi ko nawa ne nauyin kowanne ba, ba a kuma faɗi abin da ke cikin haɗin na musamman ba. Koren shayi a kofi ba shi da matsala, amma tsantsarsa a kafso wani abu ne dabam, domin a 2018 Hukumar Kula da Ingancin Abinci ta Turai ta bayyana cewa shan miligiram 800 ko fiye a rana na babban sinadarinsa yana da alaƙa da alamun lahani a hanta. Ga kuma haɗarin abin da ba a rubuta ba. Wani bincike da Kwamitin Olimfik na Duniya ya ɗauki nauyinsa, wanda ɗakin gwaji na birnin Kolon a Jamus ya gudanar a farkon shekarun 2000, ya duba kayan ƙarin abinci 634 da aka sayo daga ƙasashe 13, ya tarar 94 daga cikinsu, kusan kashi 15 cikin ɗari, suna ɗauke da sinadaran gina tsoka da aka haramta, ba tare da an ambace su a jikin kwalba ba. Dokar hukumar WADA, wadda aka kafa a 1999 domin yaƙi da shan abubuwan ƙara kuzari a wasanni, ita ce ɗan wasa ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Mu a Najeriya mun ɗanɗana ɗacin wannan doka a wasannin ƙasashe renon Ingila na 2010 a birnin Delhi, inda aka karɓe lambar zinariyar tseren mita 100 daga hannun Oludamola Osayomi bayan an samu sinadarin metilheksanamin a jikinta, sinadarin da a wancan zamani ya cika kayan ƙarin kuzari da ake tallatawa da sunan tsantsar wani fure. Yaranmu ba a yi musu gwajin fitsari a gasar unguwa, amma kowannensu mafarkinsa ya sa rigar ƙasa, kuma ɗabi'ar haɗiyar abin da ba a san cikinsa ba tun ana shekara 15 ake koyonta.

Ban ce farar kwalbar ba ta da gurbi ko kaɗan ba. Abu ɗaya ne a cikinta, an faɗi nauyinsa, an rufe ta da kyau, kuma a awon da aka ce a sha ban ga abin tsoro ba ga lafiyayyen babban mutum. Wanda ya yi tafiya ƙasar da babu zogale, ko wanda ba ya iya cin ganyen sam, idan ya saya bai yi ɓarna ba, muddin ya san ganye yake saya ba juriya ba. Ko a tsakanin masana akwai masu ganin cewa a lokacin gasa, inda ake buga wasa yau a sake bugawa jibi, kuma abin da ake nema shi ne saurin farfaɗowa ba gina jiki ba, abinci da abin sha masu yawan sinadaran tsirrai suna iya ɗan taimakawa. A irin wannan mako ni zoɓo nake sa a dafa wa yara, da citta da kanumfari da sukari kaɗan, a sanyaya shi a kula, a haɗa da kankana da lemo da ayaba, sai kuma tuwo ko shinkafa da wake da daddare. Bayanin matsaya da Kwamitin Olimfik ya fitar a 2018 a kan kayan ƙarin abinci ya lissafa 'yan ƙalilan da ke da hujja mai ƙarfi wajen ƙara ƙwazo, kuma babu kafson ganyen antioksidan a cikinsu.

Da yaron ya warke, Alhaji ya sake zuwa fili, muka zauna a kan benci na nuna masa hoton ƙaramin rubutun nan da na buɗa a waya, na kuma karanta masa lissafin giram ɗaya da na ƙwai. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: "To Koci, yanzu me zan riƙa yi masa?" Na ce: "Alhaji, kuɗin kwalbar nan a mayar da shi ƙwai, ɗaya kullum bayan atisaye. A ɗaura masa gidan sauro, a karɓe wayarsa da ƙarfe goma na dare, kada kuma ya fito fili sai ya ci abincin rana ya cika gorarsa da ruwa. Zogale kuwa, a roƙi Hajiya ta riƙa yi masa kwaɗo ko dambu sau uku a mako." Ya yi dariya ya ce bishiya biyu ce a gidansa, awaki ne ke cin rabin ganyen. Likita ya rubuta wa yaron maganin ƙarin jini na wata uku, kuma na rage masa nauyin atisaye har sai da aka sake gwaji. A ƙarshen watan jiya ya dawo gudun minti 12 tare da sauran, na rubuta nisansa a littafi, ya zo na huɗu a cikin 'yan tsakiya.